Neman sunan Hausa ga na'urar da ke kai hoto zuwa monita

Assalamu alaikum, malamai da abokan sana'ar tace bidiyo. Ina da ɗan shago a wajejen Ƙofar Ƙaura a nan Katsina, kuma tun da na fara rubuta wa yaran da nake koyarwa darasi da Hausa, kalma ɗaya ta ƙi zama, wato abin da muke kira "awutfut" a bakin aiki.

Abin da nake nufi shi ne kati irin DeckLink da ake sokawa cikin kwamfuta, ko akwati irin UltraStudio, dukansu na kamfanin Blackmagic Design, waɗanda ke ɗauko hoto daga manhajar tacewa su miƙa shi ga monita ta wayar HDMI ko SDI, ba tare da kwamfutar ta taɓa launinsa ba. A manhajar tacewa ta DaVinci Resolve ana zaɓen na'urar a saitin shiga da fitar bidiyo, a ta Premiere Pro kuwa sai an kunna saitin da ake kira Mercury Transmit.

Abin da ya sa na damu da sunan shi ne wani aikin biki da ya ba ni kunya. A fuskar kwamfutata farar shaddar ango tana nuna aikin wuyanta zare-zare, amma da aka kunna a talabijin ɗin gidan surukai sai rigar ta koma fari fat kamar takarda, inuwar rumfa kuma ta dunƙule ta zama baƙi ƙirin. Dalili shi ne ma'aunin hasken kwamfuta yana tashi daga 0 zuwa 255, na bidiyo kuwa daga 16 zuwa 235, yaron da ya fitar da aikin kuma bai san cewa akwai wurin da ake daidaita su ba. Da na ce masa ya duba "awutfut", sai ya sunkuya yana lalube a bayan kwamfuta, domin a tunaninsa sunan rami ne kawai.

Na kai maganar ga wani dattijo da ya daɗe yana koyar da Hausa, sai ya ce, "Ɗana, me zai hana ka ce indararo?" Kalmar ta burge ni, domin duk wanda ya tashi a gidan soro ya san yadda indararo ke tattara ruwan rufi ya fitar da shi ta baki ɗaya. Sai dai na ce masa, Allah ya gafarta Malam, ruwan indararo zubar da shi ake yi, mu kuwa abin da muke fitarwa shi ne mafi daraja a aikin. Da wannan hujjar magudana ma ta faɗi. Wani abokin sana'a ya kawo "mafitari", bisa tsarin mabuɗi da magogi, amma yaran shago suka fashe da dariya saboda kalmar da ta yi kama da ita, na san ba za ta kwana ba.

Ni dai ra'ayina ya tsaya a kan "mafitar hoto". An yi mini gyara cewa mafita a yau ta fi nufin hanyar warware matsala, kuma gaskiya ne, amma da zarar an jingina ta ga wani suna sai asalinta ya dawo, kamar yadda muke cewa mafitar rana ba wanda ya ruɗe. Tana kuma da abokiyar tafiya, wato "mashigar hoto", ga shi yawancin waɗannan katuna suna karɓar hoto kamar yadda suke fitar da shi. Saboda haka hanyar da saitinta su zama mafitar hoto, ƙarfen kuma akwatin mafita ko katin mafita.

Monitan da aka daidaita a kan Rec. 709, wato ma'aunin launi na talabijin ɗin HD, kuwa ina ganin "allon awo" ya dace da shi, tun da aikinsa ɗaya ne da na mudun da mai saye da mai sayarwa suka yarda da shi.

Na gwada su a jimla domin in ji ko harshe zai ɗauka: "Saita mafitar hoto a kan 1080, firam 25 a daƙiƙa, sannan ka duba allon awo." Firam 25 ɗin nan, wato hotuna 25 da ke wucewa a kowace daƙiƙa, gadon tsarin PAL ne da talabijin ɗinmu ya taso a kai, saɓanin 29.97 na Amurka, kuma idan aka cusa hoton waya mai firam 30 cikin aikin 25 sai a ga motsi yana cijewa.

Saura kalmar "filebak", wato kunna bidiyon da ake tacewa domin a kalla. Masu cewa "kunnawa" sun fi yawa, ni kuwa "bitar hoto" ta fi kwanta mini, kuma ina roƙon abokan aikinmu na Daura da Funtuwa su faɗa mana abin da suke cewa a shagunansu.