Ina koyon jitar hebi metal da littafi, amma sautin ya ƙi fita

Ɗan Gwammaja:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da jitar lantarki ta hannu da na saya a Sabon Gari, da 'yar ƙaramar amfilifaya. Yayana ya kawo mini littafin koyon hebi metal (kiɗan Turawa mai ƙara da gurnanin jita) daga Legas, na ɓangaren riƙe kiɗa, ba na solo ba. Tab ɗin, wato tsarin rubutun kiɗan jita da ke cikin littafin, na gane shi: layi shida, na ƙasa shi ne tsirkiya mai kauri, lamba kuma gaɓar da zan danna. Matsalar ita ce faifan da ake haɗo littafin da shi babu. Ina danna abin da aka rubuta daidai, amma hayaniya kawai ke fita, sauti na hawa kan sauti. Duk wanda na tambaya a garin nan, ko makaɗin coci ne ko mai fiyano a situdiyo. Anya littafi kaɗai zai kai ni?

Tsohon Makaɗi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Zai kai ka, amma littafi ba shi da kunne, sai ka ara masa naka. Daga bayaninka, hankalinka duk yana kan hannun hagu, alhali wannan kiɗan a hannun dama yake.

Duba ƙarƙashin tab ɗin, za ka ga an rubuta P.M. da ɗige-ɗige a gabansa. Nufinsu ka ɗora gefen tafin hannunka na dama a kan tsirkiyoyi, can gindi, daidai inda suke hawa ƙarfen jita. Ka ɗora shi sama-sama. In ka matso wajen wuya sautin zai mutu, in ka ja baya da yawa zai saki. Tsakanin nan akwai wuri ɗan mitsitsi da za ka ji "jum jum" mai nauyi yana dukan ƙirji. Ka kwana biyu kana neman wurin nan a tsirkiya ta shida kaɗai, ba tare da ka danna komai ba.

Sannan ka ajiye manyan kod ɗin da makaɗan coci ke yi, wato kaɗa tsirkiyoyi da yawa a tare. In an ƙure gurnanin amfilifaya, cakuɗewa suke. Sauti biyu sun isa: manuni a gaɓa ta 3 ta tsirkiya ta shida, yatsan zobe a gaɓa ta 5 ta tsirkiya ta biyar. Sauran huɗun ka kwantar da cikin manunin a kansu su yi shiru. Gurnanin ma ka rage shi zuwa rabi, sabbin shiga suna cika shi fiye da kima.

Abban Tarauni:
Baba ya gama magana. Abin da zan ƙara, sauke manhajar metronom, mai ƙirga maka bugu a kan lokaci, a wayarka, ka sa ta a bugu 60 a minti. Kaɗa ƙasa-ƙasa zalla, sau biyu a kowane bugu, irin salon da aka san James Hetfield na Metallica da shi. Ka ɗauki kanka a waya ka saurara, ita ce za ta maye maka gurbin faifan. Kada ka ƙara gudu sai ya fita tas. In ka iso darasin doguwa ɗaya gajeru biyu, tuna ƙarar kofaton dawaki ranar Hawan Daushe, kunnenka ya riga ya san shi.

Ranar da babu wuta kada ka zauna. Jitar ba amfilifaya ta fi tona asirin hannu. Kuma da hunturu itacen wuyanta na bushewa, saiti na gocewa, don haka ka daidaita tsirkiya kafin kowane zama, ka riƙa mayar da ita jaka saboda ƙura.

Ɗan Gwammaja:
Allah ya saka da alheri. Na sami wurin, wallahi har tsigar jikina ta tashi. Amma kan yatsuna na zugi sosai, tsirkiyar ta yi tauri.

Tsohon Makaɗi:
Za su yi kanta, ka ba su makonni. Kafin nan nemi tsirkiya mai laushi, wadda aka rubuta 9–42 a jikin fakitinta. Tony Iommi na Black Sabbath, mutumin Birmingham a Ingila, injin masana'anta ya datse masa kan yatsu biyu yana ɗan shekara 17. Da siraran tsirkiyoyi ya ci gaba, daga baya ya sassauta ɗaurinsu, kuma faifansu na farko ya fita a 1970. In zugin ya koma wuyan hannu, to ka ajiye jitar ka huta, wannan ba na kanta ba ne. Ka sa abin ji na kunne da daddare saboda maƙwabta, kuma turo mana abin da ka ɗauka a bugu 60 mu ji.