Damina ta shigo, tumatir ya gagara: me zan riƙa dafawa da daddare?

Umman yara huɗu (Ɗorayi, Kano):

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema a kan abincin dare. Ni malamar firamare ce, da yamma kuma ina koyarwa a Islamiyyar unguwarmu, sai bayan la'asar sakaliya nake shigowa gida. Mu shida ne, ni da maigida da yara huɗu. Babban yana ƙaramar sakandare, autar kuwa ba a daɗe da yaye ta ba.

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 Abbansu bai rage kuɗin cefane ba, ya ma ɗan ƙara, Allah ya saka masa. Amma in na miƙa wa mai kayan miya, abin da zai ƙullo mini a leda ko gindin tukunya ba ya rufewa. Ga damina ta kankama, tumatir da tattasai sun zama na masu hali.

Abin da nake da shi a sito: rabin buhun masara da surukata ta aiko daga ƙauye, wake, shinkafa 'yar gida, taliya, fulawa kaɗan, manja da man gyaɗa, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, albasa da barkono. Nama sai Juma'a, wata Juma'ar ma shiru. Tukunyar gas ɗina mai kilo 6 ce, lallaɓa ta nake yi.

Yau shinkafa, gobe taliya, jibi shinkafa. Yaran sun fara cewa "Umma yau ma?" Maigida ba ya magana, amma ina ganin yadda yake ture kwanon da saura. Don Allah a taimaka mini da abin da zai dahu kafin isha, wanda ba sai da tumatir ba, kuma ba zai shanye mini gas ba. Kada a ce indomi. In zan ƙosar da su da ita sai na fasa kusan rabin kwali, kuma kafin su kwanta wani ya sake zuwa yana shafa ciki.

Kakar 'yan biyu (Tudun Wada, Zariya):

Wa'alaikumus salam. 'Yata, kina da rabin buhun masara a ɗaki kike cewa ba ki san abin da za ki dafa ba? Ai ke mai arziki ce. Ku 'yan yanzu in babu shinkafa da jar miya sai ku ga kamar ba a yi girki ba.

Ranar Asabar da babu makaranta ki auni tiya biyu, a surfa, a wanke, a shanya, ki aika babban naki inji. Ki ce tiya ɗaya a niƙa ta gari, ɗayar kuma a ɓarza ta tsaki. In aka kawo ɓarzajjen ki tankaɗe, garin da ya fita ki haɗa da na tuwo, tsakin ki baza a faranti ya sha iska sosai kafin ki zuba a bokiti mai murfi. Da danshi kika rufe shi a wannan damina, kwana kaɗan zai yi wari. Wannan aikin na yini guda shi zai riƙe ki har sati biyu.

To ga fate. Na san Kanawa za su yi dariya su ce Bazazzagiya ta zo da nata, su yi ta yi, mu da shi muka girma kuma ba mu rame ba. Ki ɗora ruwa da ɗan wake gwangwani ɗaya, ki jefa daddawa dakakkiya da albasa da barkono da manja. In waken ya fara laushi ki wanke tsaki, ki rege shi saboda tsakuwa, ki riƙa zubawa kina juyawa da muciya don kada ya yi gudaji. Ki rage wuta. Tsaki yana son kama gindin tukunya, ki riƙa leƙa shi. In ya kusa nuna sai ganye ya shiga. Yanzu lokacin rama ne da yakuwa da alayyahu, su ne abin da ke araha a damina, Allah bai hana mu duka ba. Rama tana da tsami, in yaranki ba sa so ki fara tafasa ta daban ki zubar da ruwan, ko ki haɗa rabi rama rabi alayyahu. In da ɗanyar gyaɗa ki daka ki zuba tun da wuri, ita ke ba shi gardi har mutum ya manta babu nama. Ki bar shi da ruwa-ruwa, yana hucewa yana kauri. Tukunya ɗaya, wuta ɗaya, kwanukan wanke-wanke kaɗan. Autarki ma za ta sha, ki ɗebar mata kafin ki ƙara yaji.

Tuwo kuma mutane ke ɗauka wahala ne, alhali miyar ce ke cin lokaci in an ce sai an yi jajjage an soya. Miyar kuka ba ta neman tumatir ko ɗaya. Ruwa, daddawa mai yawa, albasa, barkono, ɗan manja, sai wake da kika jiƙa kika cire bawonsa kika daka. Ki bar su su dahu har ƙamshin daddawar ya daina hawa kai. Nan ne matan yanzu ke kuskure, suna gaggawar kaɗa kuka daddawa ba ta nuna ba, miya ta fito da ɗanyen wari su ce kukar ce ba kyau. In ta nuna ki rage wuta, ki riƙa barbaɗa kukar kina kaɗawa da maburgi, kada ki rufe tukunyar bayan nan. In Allah ya hore busasshen kifi ko na ɗari nawa ne, ki ɓare ki daka shi tare da daddawar, ba sai kowa ya ga tsoka a kwanonsa ba. Haka za ki yi da busasshiyar kuɓewar. Kuma ki tuƙa da ɗan yawa, ɗumamen safe ya hutar da Abbansu sayen burodi.

Ranar da kika dawo a gajiye liƙis, ki yi musu ɗanmalele. Garin masara ne ki dama a tafasasshen ruwa, ya fi talge kauri bai kai tuwo ba, ki bar shi ya turara, ki zuba a faranti ki baza, ki soya manja da albasa ki kwarara a kai, ki barbaɗa yaji. Yara suna rububinsa. Maigida dai ban yi miki alkawari ba, wasu mazan suna cewa abincin 'yan mata ne.

Gwauron Kabuga:

Hajiya Kaka, a gaishe ku da fate, Allah ya bar Zazzau. Anti, ni ba uwargida ba ne, amma zaman gwauranci ya koya mini lissafin gas. Abin da ke cinye shi wake ne. Ki jiƙa shi da safe kafin ki fita makaranta, in kin dawo ki zubar da ruwan ki ɗora da sabo, lokacin dahuwarsa zai ragu sosai. In ya yi rabin nuna ki zuba shinkafa, ruwan ya kusa tsotsewa ki rufe da leda ko buhu mai tsabta ki danne da murfi, ki kashe wutar. Tururin zai ƙarasa aikin.

Garau-garau kuma a wurin yaji da mai ake gane na gwani. Ki yi yaji na musamman ki ajiye a kwalba: barkono, citta, ɗan masoro, gishiri, Maggi, da ƙuli-ƙuli dakakke. Man gyaɗan ki soya shi da albasa har ta yi ja. Wake ya fi shinkafar yawa, ya fi riƙe ciki. Wannan yajin dai shi za ki zuba a taliya da manja, shi ne na ɗanwake.

Tunda kina da fulawa da kuka, ɗanwake ma ai yana hannunki. Fulawa kofi uku, kuka kamar cokali biyu, ki kwaɓa da ruwan kanwa har ya yi danƙo, ki riƙa ɗiba da yatsu kina sakawa a tafasasshen ruwa. Kada ki rufe ruf, kumfa zai yi ya zube miki a kan wuta. In sun taso sama ki ba su kamar minti 10, ki tsame a ruwan sanyi. Na gargajiya da garin wake da rogo ya fi daɗi da nauyi a ciki, in kin tura inji ranar Asabar ɗin sai ki haɗa da shi.

Maman Islamiyya (Maraɗi):

Sannu 'yar uwa, abin duk ɗaya ne har nan wajenmu. Tsakin da Hajiya ta ce ki ɓarzo, ki raba shi biyu, rabi ki yi dambu. Ki yayyafa masa ruwa ki turara a madambaci, ki sauke ki haɗa da zogale da albasa da ɗan mai, ki mayar ya sake turara. Sai dai gaskiya dambu yana son wuta, ba na ranar aiki ba ne, kuma a gawayi ya fi. Ni ranar hutu nake yi da yawa, mu ci da rana mu ci da dare. In babu hali gaba ɗaya, zogalen kaɗai ki dafa ki matse, ki kwaɗa da ƙuli da albasa da yaji, a zuba garin rogo a ciki. Ciki yana ɗauka.

Maganar tumatir kuwa, ki nemi kauɗa, wato busasshen tumatir. Ki jiƙa ta a ruwan zafi, ki wanke sosai don tana zuwa da ƙasa, ki niƙa da albasa mai yawa. Miyar ba za ta yi ja kamar ta ɗanye ba, takan yi duhu, amma in kin soya ta da kyau a manja ba mai tambaya. Bana ya wuce, amma in rani ya zo, wajen Janairu zuwa Maris da tumatir ke zubewa, ku da kuke kusa da Kura da Kadawa ai ku ne da abin. Ki sayi kwando ki yanka ki shanya da kanki, tattasai ma haka. Naki zai fi na kasuwa tsabta.

Ma'aikaciyar jinya (Katsina):

Duk shawarwarin sun yi, sai abu ɗaya. A yi hankali da kanwa. Na ga ta shiga ɗanwake, wasu kuma a wake da miyar kuka duk sai sun jefa. Sinadarin da ke cikin gishiri mai tayar da hawan jini yana cikinta, ga Maggi ga gishirin kansa a tukunya guda. In akwai mai hawan jini a gidan a rage. Waken da aka jiƙa tun safe ba ya bukatarta.

Sannan autar da aka yaye, kada a bar ta da tuwo da romon miya kawai. Wake, gyaɗa da ƙwai ko ɗaya ne in an samu. Awara ma tana maye gurbin nama, ki saya wurin mai yi a unguwa ki yanka ƙanana ki jefa a miya ko a dafa-duka.

Umman yara huɗu (Ɗorayi, Kano):

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Jiya na jiƙa wake kafin na fita, na yi garau-garau da yajin ƙuli, babban nawa har da kankare tukunya. Abbansu ya ce a ƙara masa albasa, wanda a wurinsa yabo ne. Kanwa kuma na ji, dama surukata tana da hawan jini kuma takan zo ta kwana biyu.

Hajiya, tambaya ɗaya. Masarar da na buɗe na ga ƙwari sun fara shiga, har da ɗan gari-gari a gindin buhun. Ta ɓaci ke nan, ko za ta yi tsakin?

Kakar 'yan biyu (Tudun Wada, Zariya):

Ba ta ɓaci ba in dai ba ta yi fumfuna ba. Ki duba, in kin ga baƙi-baƙi ko kore-kore a jikin ƙwayar, ko tana warin danshi, wannan ki tsince ki zubar, kada ki ba yara. In ƙwari ne kawai, ki baza ta a tabarma duk ranar da rana ta buɗe, ki sheƙe, ki kai surfe. Wadda ta rage ki zuba a jarkar man girki da aka wanke ta bushe ƙayau, ki cika ta har wuya ki toshe bakin da leda kafin ki ɗaura murfi, in babu iska ƙwarin mutuwa suke yi. Waken ma haka za ki yi masa, ko ki sa Abbansu ya nemo miki buhun PICS mai leda biyu a ciki wurin masu kayan noma. Kada ki yarda kowa ya ba ki maganin feshi ki zuba a abin da za ku ci. Kuma ki gaya wa yaron ya tsaya a kan mai injin, in ba haka ba zai mayar miki da tsakin gari.