Sabulu na marmashewa wurin yanka, ina mafita?

Assalamu alaikum masu sana'ar sabulu. Don Allah a taimaka min da shawara kan yankan sabulun wanka.

Haɗin shi ne man alayyadi giram 700, man kaɗanya giram 300, soda ta haɗa sabulu (caustic soda) giram 150 a cikin ruwa giram 330. Ana zubawa a akwatin katako mai shimfiɗar leda a rufe da bargo.

In aka yanka bayan awa 12, yana manne wa wuƙa, fuskar ta fito da zane-zane. In aka bari ya kai awa 48, musamman yanzu da hunturu ya kankama a Kano, sai ya yi tauri, wuƙar ta tsaga gindinsa, gefuna su riƙa zubowa kamar alli. Ina zargin kaurin bayan wuƙar ne ke buɗa shi, ga alayyadi da saurin daskarewa.

To wace awa ce daidai? Siririyar waya irin ta jita ta fi wuƙa? In haka ne, wane kauri zan nema a Sabon Gari, kuma yaya ake ɗaure ta kada ta karkace? Ko dai alayyadin zan rage in ƙara man gyaɗa?

Allah ya saka da alheri.