Jini ne kawai ke fitowa a gilashin, ina kuskurena?

Assalamu alaikum, likitocin dabbobi. An kawo mini kare mai ƙullutu a cinya. Sau uku ina zuƙo samfur da siririyar allura mai lamba 22, amma in na duba a madubin likita sai jini, 'yan ƙwayoyin da suka fito kuma duk a farfashe. Na sassauta hannu wajen shimfiɗa samfurin a kan gilashin, babu canji.

Ƙullutun yakan kumbura ya sace, shi ya sa nake zargin ciwon ƙwayoyin mast (wasu ƙwayoyin garkuwar jiki masu ɗigogi a cikinsu), ga shi Diff-Quik, rinin da ake rina samfur da shi, wani sa'in ba ya fito da ɗigoginsu. In koma rinin Giemsa ne, ko in soka allurar kawai ba tare da jan sirinji ba? Mai karen yana jirana kafin mu yi maganar tiyata.