Likita ya ce a rage ma maigida gishiri, to yaya zan yi da miya?

Maman Nafisa, unguwar Zariya:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema wajen masu dafa ma mai hawan jini abinci.

Maigidana tela ne. Gab da sallar layya ya yi ta kukan ciwon kai da jiri, muka ɗauka rashin barci ne saboda ɗinkin salla. Da aka auna shi a asibiti, tansiyo, wato awon hawan jini, ta kai 17 bisa 10. Aka rubuta mishi magani, likita ya ce a rage gishiri da dunƙule sosai. Shi likita faɗa kawai ya yi, ni aka bari da tukunya.

Mu tara ne ke ci a tukunya ɗaya, har da Inna mahaifiyarshi da ƙannenshi biyu masu zuwa lakwal. Miyar kukar dare dunƙule 4 nake murzawa ciki, ga gishiri, wanda ban taɓa aunawa ba, da yatsu nake ɗiba kamar yadda na tashi na ga ana yi. Sai na fara yi mishi tashi miyar daban a ƴar tukunya, ba gishiri ba dunƙule. Loma biyu ya yi ya ture kwanon, bayan lisha ya aiki yaro ya sayo mishi tsire. Inna kuma ta fara gunaguni wai zan kashe mata ɗa da yunwa. Ga gawayi, tukunya biyu kullum ba wasa ba ne.

Me kuke sawa miya ta yi ɗanɗano in ba dunƙule? Kuma gishirin nan, daina shi ake ɗungurungum ko akwai ƙa'ida?

Hajiya ta Tibiri:

Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya ba shi lafiya. Ki sauke ƴar tukunyar nan tun yau. Magidanci yana jin ƙanshin miyar gida a bakin yara, shi an aje mishi lami, ba zai ci ba ko ni ce na dafa. Miya ɗaya za ki yi ma kowa, ki rage a hankali ba tare da shela ba. Wannan mako dunƙule 3, bayan mako biyu ki koma 2, haka har harshe ya saba.

Mu da muka tashi babu wannan abu a ƙauye, kuma miya ba ta kwana. Daddawa ce uwar miya. Ta kalwa ku yaran yanzu kun sani, amma ta batso kun raina ta saboda wari, alhali ita ce ke ɗaukar miyar kuka da ta kuɓewa busassa. Da ƴaƴan yakuwa ake yin ta, a dafa su wuni guda, a rufe su su kwana biyu su ruɓa, a daka, a sake rufewa, sannan a shanya. Wannan ruɓar ita ce daɗin. Ki daka ta tare da albasa da tafarnuwa da tattasai busasshe har su zama abu ɗaya. Albasar kada ki yi rowarta, ja ta Galmi, manya biyu, ki bar ta cikin man gyaɗa a wuta kaɗan har ta yi laushi ta fara ja kafin ki tsaida ruwa. Gaggawar tsaida ruwa ce ke sa mata neman dunƙule. In kin samu kifi banda na Madarunfa, ki cire ƙaya ki daka ko ɗaya ne, ki zuba cokali guda. Citta da masoro da kanumfari kaɗan a ƙarshe.

Abu ɗaya, ki riƙa ɗanɗana daddawa kafin ki saya. Wasu masu yi suna cika mata gishiri don kada ta lalace.

Ɗan Jiratawa:

Yaya, ki ba shi zoɓo ba sukari safe da yamma, da kwaɗon zogale. Mu nan a gandari muke noma shi, ɗanye shar. Kawuna haka ya yi, yanzu har ya aje ƙwayoyin asibiti. Kuma ki duba abin da yake ci a waje, mu maza mun san kanmu. Yajin mai tsire akwai dunƙule da gishiri sosai a ciki, kilishi ma haka, ga burodi da ƙwai wajen mai shayi. Ki gyara tukunyar gida, shi kuma yana can kasuwa yana warwarewa.

Malamar asibiti:

Malam, maganarka ta abincin waje gaskiya ce, amma ta kawu don Allah a janye ta, kuma a lallashe shi ya je a auna shi. Hawan jini ba ya faɗin zuwanshi. Mutum yana jin garau alhali jinin na sama, sai a wayi gari ɓarin jiki ya mutu ko ƙoda ta taɓu. An yi bincike a kan zoɓo, yana ɗan sauke jini, amma kaɗan ne, bai kai ya maye gurbin magani ba. A sha shi, a ci gaba da ƙwaya, kuma a faɗa ma likita ana sha.

Maman Nafisa, ga ƙa'idar da kika tambaya. Hukumar lafiya ta duniya ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 na gishiri a wuni, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, ba a tsiri ba. Wannan lissafi ya haɗa komai: na miya, na burodi, na yaji, na dunƙule. Shi dunƙule kusan rabin nauyinshi gishiri ne, sauran kuma akwai sinadarin ƙara ɗanɗano, shi ma da sodiyom a ciki kamar gishiri, kuma sodiyom ɗin ne ke riƙe ruwa a jiki ya tada jini. Farin magi mai ƙyalli kamar sukari shi ma dangin nan ne, kada wani ya ce miki ba gishiri ba ne don haka ba komai.

Abin da mata ke mantawa shi ne kanwa. Ba ta da ɗanɗanon gishiri sosai, amma sodiyom ce. A wake a sa, a miyar kuɓewa a sa don yauƙi, a tuwo a sa, ga kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya ta Najeriya suka danganta yawan shan kunun kanwa da wankan jego mai zafi da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. To balle mai 17 bisa 10.

Ba a ce ki daina gishiri gaba ɗaya ba. Ɗan gishirin da za ki sa ya zama mai sinadarin aidin, saboda maƙoƙo da ƙwaƙwalwar yara. Ki auna na wuni da cokali ki aje a ɗan murfi da safe, in ya ƙare ya ƙare. Wake, ganye, kabewa, dankali, tumatir, duk suna taimakawa saboda fotashiyom da ke cikinsu, sai dai in an ce ƙodarshi na da matsala, nan sai abin da likita ya ce.

Maman Nafisa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya, na bi maganarki. Jiya na yi miyar yakuwa da gyaɗa, dunƙule 2 kacal, batso na dala goma, albasa kamar yadda kika ce. Tsamin yakuwar ya rufe komai, ba wanda ya ce uffan sai Inna, da ta shinshina ta ce yau wa ya koya miki miyar mutane. Shi kuwa har ƙari ya nema. Miyar kuka ce har yanzu ban gane kanta ba, yaran sun ce salam take. Tsiren ma mun yi magana, ya ce zai ce a bar mishi ba yaji, ni dai ban gani da idona ba.

Amma Malama kin ɗaure ni da zancen kanwa. Shinkafa da wake muke ci kusan kullum da rana, kuma waken bana tsoho ne, in ba kanwa sai ya cinye gawayin wuni bai nuna ba.

Hajiya ta Tibiri:

Jiƙa shi tun dare ɗiyata, da safe ki zubar da ruwan ki ɗora da sabo, kada ki sa tumatir ko wani abu mai tsami sai ya yi laushi. Mu da ruwan tokar karan gero muke sawa in kanwa ta yanke, amma wannan ki tambayi Malama tukuna ko ya dace da mai shan magani. Kukar kuma ƙara mata kifin nan da na ce, kuma ki duba ko ta bara ce aka sayar miki. In ta koma ruwan ƙasa ba koriya ba, ko buhun dunƙule kika juye ba za ta yi daɗi ba.