Wane takalmi zan sa a babban moto, da zafin nan na Maradi?

Assalamu alaikum ƴan uwa masu hawan manyan babura. Ina da Honda Shadow 750, irin mai gajeren sirdi da ƙafa ke miƙewa gaba, ina yawan bin hanyar Maradi zuwa Tasawa da Damagaram. Maganar takalmi ce ta tsaye mini.

Na fara da takalmin ma'aikata mai ƙarfe a baki. Kariya akwai, amma bakinsa ya yi kauri, ba ya shiga ƙarƙashin sandar giya sai na karkata ƙafa. Ga nauyi, ga gumi, musamman Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40. Kambas kuwa da daɗi, sai dai idon sawu a waje yake kusa da salansa, igiyarsa ma tana iya sarƙewa a giya. Moton ya haura kilo 200. In na dire ƙafa a rairayi ko inda baƙin mai ya zube ta zame, ba mai tare shi.

Wani baduku ya ce zai ɗinka mini dogo da fatar jar akuyarmu. Fatar na da kyau da laushi, amma anya za ta jure gurzar kwalta kamar ta saniya? Ko in nemi na gwanjo mai tambarin CE da lamba EN 13634, wato shaidar ya cika ƙa'idar Turai ta takalman hawan babur? In haka ne, ta yaya ake gane tafinsa bai ruɓe ba? Kuma mai ƙananan hudoji na shan iska, ba ya cika da ƙura lokacin hunturu?

Don Allah wanda ya gwada ya ba ni shawara.