Dattijon da nake kula da shi yana so in kai shi Torcross, 'yarsa ta hana

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ƙulle. Aikin kula da tsofaffi nake yi a Devon, a Ingila. Akwai wani dattijo da nake zuwa gidansa, yana ɗan yaro aka tashi ƙauyukansu a ƙarshen 1943, mutum kusan 3,000, aka bar wa sojojin Amurka gaɓar tekun Slapton su yi atisayen shiga Normandi ta Faransa a Yaƙin Duniya na Biyu. Kullum in na durƙusa ɗaura masa takalmi sai ya ɗauko zancen daren 28 ga Afrilu 1944, yadda ƙananan jiragen yaƙin Jamus suka taso daga Cherbourg ta Faransa suka nutsar da manyan jiragen Amurka biyu ana cikin atisayen, sojoji 749 suka rasu. Ya ce da yawansu ba harbi ya kashe su ba, ɗamarar ceto suka ɗaura a ƙugu maimakon ƙarƙashin hammata, sai ta kifa su kai cikin ruwa. Aka rufe maganar, su ma mutanen ƙauyukan sai daga baya suka ji. Yanzu so yake ranar 28 ya tsaya gaban tankar Sherman ɗin nan da wani mazaunin yankin, Ken Small, ya sa aka ciro daga teku a 1984 don tunawa da su, baƙa wuluk, tana nan a ƙauyen Torcross da ke gaɓar. Ya riƙe hannuna yana hawaye. 'Yarsa ta ce iskar teku za ta kwantar da shi. Ni kuma na riga na ce masa to.

Kawu na Leeds: Ƙanwata, kul. Bizarki a hannun kamfani take. Ko mura ya yi, ke za a kama. In ba a rubuce ba, babu tafiya, magana ta ƙare.

'Yar Zariya: Allah sarki. Su ko tanka an ajiye musu. Kakanmu ya yi yaƙin Bama, wato Burma, lambarsa a gwangwanin madara muka same ta, har yau ban ga inda aka rubuta sunansa ba.

Anti Maijego: Ki lallaɓa 'yar ku je tare. Tankar a wurin ajiye motoci take, daga cikin mota ma zai gan ta.

Kawu na Leeds: Motar wa? Inshorar wa? Hajiya, kada ki jefa yarinya a wahala.

Mai tambaya: Kawu, ba ku ga idonsa ba ne. 'Yar sai ta ga dama take leƙowa, ni nake masa wanka, ni na san ƙarfinsa. Alkawari fa na ɗauka.

Kawu na Leeds: Alkawarin abin da ba naki ba? Ni da na taɓa kai wata tsohuwa kanti kawai, sai da aka zaunar da ni ofis kamar ɓarawo.

Anti Maijego: To kin faɗa wa manajarku?

Mai tambaya: Tana hutu, Anti. Kuma na san abin da za ta ce. Akwai wanda ya san ko hanyar A379 da ke zuwa Torcross a buɗe take yanzu?